AMSOSHIN TAMBAYOYINKU: Ina Wutsiyar Ɗan Kwaɗo Take Tafiya?

 Kamar yadda muka saba, abin da muka amsa a rediyo shi muke kawo muku a rubuce a wannan shafi, domin wanda shirin ya wuce shi yana gona ko yana kasuwa ya samu ya karanta, ko kuwa a karanta masa. A wannan mako wasiƙu huɗu muka haɗa wuri guda, saboda dukkansu a kan halitta ɗaya suke magana, wato kwaɗo.

Wani zai ce, duk abubuwan da ke damun talaka a rasa abin da za a yi magana a kai sai kwaɗo? To, a yi haƙuri a biyo mu. Hausawa sun ce ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Kafin mu kai ƙarshe za ku ga zancen kwaɗon nan ya biyo ta kan gishirin da ke cikin miyarku, da jaririn da ke cikin mahaifiyarsa, da maganin da kuke fesawa a gona.

TAMBAYA TA FARKO

Wani manomin shinkafa daga fadamar Argungu ya rubuto yana cewa: "Kowace damina nakan ga 'ya'yan kwaɗi masu wutsiya sun cika kududdufi kamar ƙananan kifaye. Bayan 'yan makonni sai in ga ƙananan kwaɗi suna tsalle ba wutsiya, amma ban taɓa tsintar wutsiya ko ɗaya a ruwa ba. Abokina ya ce guntulewa take yi kamar ta tsaka, ni kuwa na ce kifi ke cinyewa. Wa ya ci gardama?"

AMSA

Malam, mun gode da wannan tambaya, sai dai daga kai har abokin naka babu wanda ya ci gardamar. Wutsiyar ba ta faɗuwa, ba kuma kifi ke cinye ta ba. Jikin ɗan kwaɗon ne da kansa yake warware ta daga ciki, ya shanye ta.

Ga yadda abin yake. Jikin kowane mai rai, mutum ko dabba ko tsiro, an gina shi ne da wasu ƙananan abubuwa da ido ba ya iya gani sai da madubin ƙara girman abu. Su ake kira ƙwayoyin halitta. Ku ɗauke su kamar tubalan gini, sai dai su waɗannan tubala suna da rai, suna ci, suna rabuwa biyu su hayayyafa, suna kuma mutuwa. Masana sun ƙiyasta cewa jikin baligi ɗaya yana ɗauke da kimanin miliyan sau miliyan 30 na waɗannan ƙwayoyi.

Mutuwar ƙwayar halitta iri biyu ce. Akwai mutuwar haɗari, kamar idan wuta ta ƙone ka ko fartanya ta sare ka. A nan ƙwayoyin sukan kumbura su fashe, wurin ya yi zafi, ya yi ja, har ya tara ruwa. Wannan kamar ɗakin da ruwan sama ya kayar ne, komai ya haɗe da laka. Akwai kuma mutuwa ta tsari, wadda take kamar magini ya zo ya rushe tsohon ɗaki da gangan: ya zare azara ya jingine, ya tara ƙasar a gefe, gobe ya sake kwaɓa ta ya yi sabon gini. A irin wannan mutuwa, ƙwayar takan tsuke jikinta, ta daddatsa abin da ke cikinta, ta ƙulle shi ƙulli-ƙulli, sai wasu ƙwayoyi masu aikin shara su zo su haɗiye. Ba kumburi, ba ciwo, ba gyambo.

Abin da ke faruwa da wutsiyar ɗan kwaɗo ke nan. Cikin 'yan kwanaki ƙwayoyin namanta da fatarta da jijiyoyinta suke mutuwa bi da bi, jini ya kwashe abin da aka warware ya kai inda ake bukata. A waɗannan kwanaki ɗan kwaɗon ba ya cin abinci, domin bakinsa da hanjinsa su ma ana cikin sake musu gini, saboda haka wutsiyar tana cikin guzurin da yake rayuwa da shi. Hanjin nan dogo mai naɗi, wanda ya dace da cin gansakuka, yakan gajarce ƙwarai. A wani irin kwaɗo da masana suka fi aunawa, kashi uku cikin huɗu na tsawon hanjin ne ke tafiya. Abin shaƙar iska a ruwa irin na kifi shi ma ya narke, huhu ya karɓi aiki.

Wani Bajamushe mai suna Carl Vogt ne ya fara rubuta bayanin wannan al'amari a shekarar 1842, kuma a jikin 'ya'yan kwaɗi ya gan shi. Amma sai a 1972 wasu masana uku, Kerr da Wyllie da Currie, a Jami'ar Aberdeen ta ƙasar Sikotilan, suka nuna cewa wannan mutuwa ta tsari tana faruwa a jikin dabbobi iri-iri har da mutum. Suka raɗa mata suna afotosis, daga wata kalmar Girkanci mai nufin zubar ganye daga bishiya. Sunan ya dace, domin kowa ya san idan rani ya shigo kuka takan zubar da ganyenta, ba don ta mutu ba.

To, ina ruwan ɗan Adam? Malam, dubi hannunka. Lokacin da kake ɗan tayi na mako shida a ciki, hannun nan a haɗe yake kamar ƙafar agwagwa. Tsakanin mako na shida da na takwas ƙwayoyin da ke tsakanin yatsu suka mutu irin wannan mutuwa, yatsu biyar suka fito a rarrabe. Haka abin yake ga ɗan tsako a cikin ƙwai. Ita kuwa agwagwa, fatar tsakanin yatsunta ba ta mutuwa, shi ya sa take da abin iyo. Idan aikin bai kammala ba a jikin jariri, sai a haife shi da yatsu biyu ko uku a manne. Wannan ba baki ba ne, ba kuma laifin uwa ba ne, kuma likitoci suna iya raba su ta hanyar tiyata.

Har bayan haihuwa aikin bai tsaya ba. Kullum ta Allah biliyoyin ƙwayoyi da suka tsufa ko suka lalace suna mutuwa a jikinmu, sababbi suna maye gurbinsu. Idan ƙwaya ta lalace ta ƙi mutuwa, ta ci gaba da hayayyafa ba ƙaƙƙautawa, wannan yana cikin tushen ciwon daji, wato kansa. Shi ya sa da yawa daga magungunan ciwon daji aikinsu shi ne tilasta wa irin waɗannan ƙwayoyi masu taurin kai su mutu. A shekarar 2002 an ba masana uku, Brenner da Horvitz da Sulston, lambar yabo ta Nobel saboda binciken da suka yi a kan wata 'yar mitsitsiyar tsutsa. Sun ƙirga cewa cikin ƙwayoyi 1,090 da jikinta ke yi, 131 ne ke mutuwa, kuma a kowace tsutsa waɗannan dai su ne ke mutuwa. Wannan ya tabbatar da cewa abin a tsare yake.

TAMBAYA TA BIYU

Wata baiwar Allah mai sayar da kayan miya a Maraɗi ta aiko da tata tambayar, wadda ta zo daidai da inda muka tsaya. Ta ce: "Yarana sun ɗebo 'ya'yan kwaɗi sun zuba a tsohuwar randa. Yaya ɗan kwaɗo yake sanin lokaci ya yi da zai fitar da ƙafa ya bar ruwa?"

AMSA

Hajiya, amsar tambayarki tana wuya, kuma ta shafi sana'arki kai tsaye. A gaban wuyan mutum, ƙasa da maƙogwaro kaɗan, akwai wata 'yar tsoka da likitoci ke kira tayirod. Kwaɗo ma yana da tasa. Aikinta shi ne ta haɗa wani sinadari mai suna tairoksin ta zuba a cikin jini, jinin ya zaga da shi ko'ina a jiki kamar mai shela.

A shekarar 1912 wani masani mai suna Gudernatsch ya riƙa ciyar da 'ya'yan kwaɗi da sassa dabam-dabam na naman dabbobi. Waɗanda ya ba tayirod ɗin doki sai suka rikiɗa tun lokacinsu bai yi ba, suka zama 'yan mitsi-mitsin kwaɗi. A 1916 wani Ba'amurke, Bennet Allen, ya juya gwajin: ya cire wa 'ya'yan kwaɗi tayirod ɗinsu tun suna ƙanana. Waɗannan suka yi ta girma har suka zama ƙatti, amma ba su rikiɗa ba, wutsiyarsu tana nan daram. A 1962 kuma Rudolf Weber a ƙasar Suwizalan ya yanke bakin wutsiya ya ajiye shi da ransa a cikin ɗan faranti, ya ɗiga masa sinadarin, sai ga wutsiyar tana ƙanƙancewa ita kaɗai ba tare da sauran jiki ba. Bayan shekara huɗu, a 1966, Jamshed Tata a Landan ya gano cewa idan aka hana ƙwayoyin wutsiyar yin aikinsu na cikin gida, to ba sa mutuwa ko an ba su sinadarin. Ma'ana, sai ƙwayar ta karɓi saƙon ta yi aiki da shi da kanta sannan take mutuwa.

Abin mamaki shi ne saƙon ɗaya ne, amma kowace gaɓa da yadda take amsa shi. Wutsiya ta ji ta fara narkewa, ƙafa ta ji ta fara tsiro, hanji ya ji ya sake gini. Kamar ruwan farko ne na damina: manomi ya gani ya ɗauki iri ya nufi gona, maginin ƙasa ya gani ya tattara kayan aikinsa. Har an taɓa dasa ido a kan wutsiyar ɗan kwaɗo, wutsiyar ta narke ta bar idon da ransa.

Yanzu ga inda zancen ya iso gidajenmu. Tayirod ba ta iya haɗa wannan sinadari sai da aidin, kuma tairoksin ɗin da ke jikin kwaɗo shi ne dai wanda ke jikin mutum, ba bambanci. Idan aidin ya yi ƙaranci a abinci, tayirod takan yi ta ƙoƙari har ta kumbura, shi ne maƙoƙon da muke gani a wuyan mutane, musamman mata. Amma maƙoƙo shi ne ɓarnar da ido ke gani. Wadda ta fi shi muni tana faruwa a ɓoye, a cikin mai juna biyu. Ƙwaƙwalwar ɗan tayi tana bukatar wannan sinadari kafin ta ginu, kuma a watannin farko daga jinin uwa kaɗai yake samunsa. Idan uwa ba ta da isasshen aidin, ana iya yin ɓari, ko a haifi yaro kurma, ko wanda ba ya girma, ko mai raunin fahimta, ya shiga makaranta ana dukansa ana ce masa daƙiƙi alhali ba laifinsa ba ne. Yadda ɗan kwaɗon Allen ya kasa kaiwa matakin gaba, haka ƙwaƙwalwar yaron ta kasa kaiwa inda ya kamata ta kai.

Abin da jiki ke bukata kaɗan ne ƙwarai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi yana bukatar maikurogiram 150 a rana, mai ciki da mai shayarwa kuma 250. Idan aka tara na tsawon rayuwar mutum duka, bai wuce cikin ƙaramin cokalin shayi ba. Sai dai ana bukatarsa a kai a kai, shi ya sa ake zuba shi a gishiri, abin da kowane gida ke ci kullum. A Nijeriya tun 1993 aka wajabta sa aidin a gishirin da mutane ke ci.

Saboda haka Hajiya, da ke da sauran 'yan kasuwa, ga shawara. Ku sari gishirin da aka rubuta a jikin buhunsa ko ledarsa cewa yana da aidin. Kada a baza shi a faifai ko a tire a bar shi a rana da danshi kwana da kwanaki, domin aidin ɗin yakan ragu. A gida a zuba shi a abu mai murfi, a ajiye nesa da murhu. Gishirin dabbobi kuma a bar wa dabbobi. Masu cin rogo su tabbata an jiƙa shi an sarrafa shi sosai, domin rogon da bai sarrafu ba yana ƙara tsananta matsalar inda aidin ya yi ƙaranci. Wanda kuma ya riga ya ga kumburi a wuyansa, ya tafi asibiti a duba shi, kada ya tsaya tsaga ko ƙari da gishiri, domin ba kowane kumburin wuya ne na rashin aidin ba.

TAMBAYA TA UKU

Wani mai shagon magani daga Garwa ta ƙasar Kamaru yana tambaya: "Da gaske ne a da can da kwaɗo likitoci suke gane mace tana da ciki? Kuma me ya sa masana suka nace wa kwaɗo a bincikensu?"

AMSA

Ƙwarai da gaske ne, malam. Akwai wani kwaɗo ɗan asalin kudancin Afirka da masana ke kira Zenofus. Jikinsa a baje yake, yana da santsi, ba shi da harshe, yana da farata a yatsu uku na ƙafarsa ta baya, kuma a ruwa yake rayuwarsa. A wajajen 1930, Lancelot Hogben da wasu masana a birnin Cape Town na Afirka ta Kudu suka gano cewa ana iya sa macen wannan kwaɗo ta yi ƙwai ta hanyar yi mata allura. Daga nan aka fito da gwajin ciki: a ɗebi fitsarin mace a yi wa kwaɗon allura da shi, idan matar tana da ciki, kafin kwana ɗaya kwaɗon ta zuba ƙwai. Dalili shi ne akwai wani sinadari da ke fita a fitsarin mai ciki, kuma shi ne dai wanda ɗan tsinken gwajin da kake sayarwa a shagonka yake ganowa a yau. Kafin wannan, ɓera ko zomo ake yi wa allurar, kuma sai an yanka su an duba cikinsu. Kwaɗo kuwa ana mayar da ita ruwa, a sake amfani da ita. An yi ta kwasar dubban kwaɗin nan zuwa asibitocin Turai da Amurka har zuwa shekarun 1960, lokacin da aka samo hanyar gwaji da ba ta bukatar dabba.

Ta haka kwaɗon ya shiga hannun masu binciken yadda ɗan tayi ke ginuwa, suka kuwa riƙe shi gam. Ɗan tayin mutum ko na akuya a ɓoye yake a ciki. Na kwaɗo kuwa a fili yake cikin ruwa, ga ƙwai ɗaruruwa a lokaci guda, rani da damina. Ƙwan bai kai ƙwayar gero girma ba, amma ana ganin komai da madubi. Bayan kamar awa ɗaya da rabi da haɗuwarsa da maniyyin namiji sai ya rabu biyu, daga nan kusan kowane rabin awa ya sake rabuwa, huɗu, takwas, goma sha shida, har ya kai ƙwayoyi wajen 4,000. Kafin kwana biyu zuciya ta fara bugawa. Cikin kamar wata biyu ya zama cikakken ɗan kwaɗo. A 1956 wasu masana biyu, Nieuwkoop da Faber, suka kasa wannan tafiya zuwa matakai 66, kuma da lissafinsu ake aiki har yanzu. Tunda kifi da kwaɗo da kaza da akuya da mutum duk masu ƙashin baya ne, kuma tsarin farkon ginuwarsu ya yi kama, abin da aka gani a ƙwan kwaɗo yakan haska abin da ke faruwa a mahaifa.

Bari mu kawo misali biyu. A 1924 a ƙasar Jamus, Hans Spemann da ɗalibarsa Hilde Mangold suka yi aiki da ƙwan wata 'yar uwar kwaɗo mai wutsiya da ake samu a Turai. Mangold ta yanko ɗan mitsitsin yanki daga wani ɗan tayi ta dasa a gefen cikin wani, sai ga jiki na biyu ya tsiro a wurin, da kai da baya, kamar tagwayen da suka manne. Yawancin ƙwayoyin jiki na biyun kuwa na mai masaukin ne. Wato ɗan yankin nan kamar shugaban magina yake, shi ke nuna wa sauran inda kai zai zauna da inda baya zai bi. An ba Spemann lambar Nobel a 1935, ita kuwa Mangold ta riga ta rasu tun 1924 sakamakon gobara.

Misali na biyu shi ne na John Gurdon a Jami'ar Oxford ta Ingila. A 1962 ya ɗauko cibiyar ƙwayar hanjin ɗan kwaɗo, inda bayanin gado yake, ya sa a cikin ƙwan da aka kashe wa tasa cibiyar. Cikin gwaji 726, guda 10 suka zama lafiyayyun 'ya'yan kwaɗi. Adadin kaɗan ne, amma ya isa ya nuna cewa ƙwayar hanji tana ɗauke da bayanin gina jiki gaba ɗaya, da ido da zuciya da ƙafa, sai dai ɓangaren hanji kawai take karantawa. Wannan ne ya share fagen samar da tunkiyar nan Dolly a Sikotilan a 1996, kuma a 2012 aka ba Gurdon lambar Nobel tare da Shinya Yamanaka na Japan.

TAMBAYA TA HUƊU

Ta ƙarshe ta fito daga wani mai fataucin dabbobi a kasuwar Maigatari. Ya ce: "Na ji an ce akwai kwaɗon da asalinsa haɗin iri biyu ne. In haka ne, yaya yake haihuwa, alhali alfadari da yake haɗin jaki da goɗiya ba ya haihuwa?"

AMSA

Alhaji, tambayarka ta mai lura ce. Bayanin gadon da muka ambata, wanda masana ke kira DNA, kamar kundi ne da ke cikin cibiyar ƙwayar halitta. An ɗaure shi dami-dami, kowane dami ɗauke da umurni masu yawa, kamar yadda damin dawa ke ɗauke da zangarniya. Waɗannan dammuna su ake kira kuromosom, kuma biyu-biyu suke tafiya, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba. Mutum yana da 46, doki 64, jaki 62. Alfadari ya karɓi 32 daga goɗiya da 31 daga jaki, ya tashi da 63. Idan lokacin yin ƙwan haihuwa ya zo, dole kowane dami ya sami abokinsa kafin a raba, na alfadari kuwa ba su dace da juna ba, shi ya sa da wuya ƙwarai ya haihu.

Shi kwaɗon Zenofus na kudancin Afirka ya tsallake wannan tarko. A 2016 wata tawagar masana, akasarinsu daga Amurka da Japan, ta kammala karanta kundinsa. Suka tarar yana da dammuna 36, kuma kundi biyu ne cikakku a haɗe, 18 daga wani irin kwaɗo, 18 daga wani irin dabam. Bisa lissafinsu, iri biyun sun rabu da juna kimanin shekara miliyan 34 da suka wuce, suka sake haɗuwa wajen shekara miliyan 17 zuwa 18 da suka wuce. Da suka haɗu sai kundin ya ninka, kowane dami ya sami abokinsa irin nasa, haihuwa ta yiwu. Manoma kun daɗe kuna noma irin wannan ba ku sani ba. Gyaɗa mai dammuna 40 haɗin gyaɗar daji iri biyu ce daga Kudancin Amurka, alkamar burodi kuwa mai 42 haɗin iri uku ce. Akwai ma wani ɗan ƙaramin Zenofus mai dammuna 108, wanda ba a samunsa ko'ina a duniya sai a tafkin Oku na ƙasar Kamaru.

Me ke faruwa idan kowane umurni ya zama biyu? Kamar magidanci ne mai 'ya'ya biyu da gona ɗaya. Wani lokaci su raba aikin, wani lokaci ɗaya ya riƙe gonar ɗayan ya koyi wata sana'a, wani lokaci kuma ɗayan ya shantake. Haka aka gani a kwaɗon: fiye da kashi 56 cikin 100 na umurnin suna nan biyu-biyu, sauran an yi asarar ɗaya, kuma asarar ta fi yawa a ɗaya daga kundayen biyu. Masana sun damu da wannan ne saboda suna da hujjojin da ke nuna cewa irin wannan ninki ya faru sau biyu a farkon tarihin halittu masu ƙashin baya, wajen shekara miliyan 500 da suka wuce, kuma na kwaɗon nan sabo ne da har yanzu ana iya bin sawunsa.

Yana da ɗan uwa a Afirka ta Yamma, a dazuzzukan da suka taso daga Senegal har zuwa Kamaru, wanda kundinsa bai ninka ba, dammunansa 20 ne. Shi aka fara karanta wa kundi cikin dukkan kwaɗin duniya, a 2010, kuma macen da aka yi aikin da ita daga zuriyar kwaɗin da aka ɗebo a Nijeriya take. An sami umurnin gado fiye da 20,000 a kundin, kusan daidai da na mutum, kuma aƙalla 1,700 daga cikinsu takwarorin waɗanda ke da hannu a cututtukan ɗan Adam ne. Don haka likita zai iya lalata umurni ɗaya a ƙwan kwaɗo, cikin 'yan kwanaki ya ga abin da zai sami zuciya ko ƙoda, gwajin da ba zai yiwu a yi a kan jariri ba.

JAN HANKALI GA MANOMA

Kafin mu rufe, ga magana ɗaya. Fatar kwaɗo tana tsotsar abin da ke cikin ruwa, ƙwansa kuma ba shi da ɓawo. Saboda haka tun 2009 akwai gwajin da ƙasashe masu arzikin masana'antu suka amince da shi, inda ake sa 'ya'yan kwaɗi a ruwa mai ɗauke da wani sinadari har kwana 21, a duba ko rikiɗarsu ta yi jinkiri ko ta yi gaggawa. In an ga haka, alama ce sinadarin yana taɓa tayirod, kuma mun riga mun ji cewa tayirod ɗinsu da tamu abu ɗaya suke haɗawa. Wani babban bincike da aka fitar a 2023 ya nuna kashi 41 cikin 100 na ire-iren kwaɗi da danginsu a duniya suna fuskantar barazanar ƙarewa, saboda lalacewar muhallinsu, da cututtuka, da sauyin yanayi.

Don haka manomi, idan ka gama feshin maganin ciyawa ko na ƙwari, kada ka wanke famfon feshin a tafki ko rafi ko bakin rijiya. Kada ka jefa robar maganin a ruwa, kada kuma a mayar da ita ta zuba mai ko ruwan sha. A bi ma'aunin da aka rubuta a jiki, kada a yi feshi ana shirin ruwa, mai ciki kuma ta nisanci wurin. Ruwan da ɗan kwaɗo ke iyo a ciki shi ne dabbobinka ke sha, wataƙila ma shi yaranka ke ɗebowa. Kwaɗin nan kuma ma'aikata ne da ba ka biya, dare duk suna cinye maka ƙwari a gona.

Jama'a, a nan za mu dakata. Waɗanda ba su ji tambayarsu ba su ƙara haƙuri, tana kan layi. A ci gaba da rubuto mana, a rubuta tambaya a taƙaice, a kuma faɗi garin da ake. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. Mu huta lafiya.